Ya Ba da Mulki Ya Riƙe Suna: Fashin Baƙi Kan Kuskuren Sarki Liya

Tsoho ne mai shekara tamanin da ɗoriya, sarkin Birtaniya baki ɗaya. Fada ta cika maƙil. 'Ya'yansa mata uku suna nan, surukansa biyu suna nan, a waje kuma ga Sarkin Faransa da basaraken Bagandi suna jiran kira, kowanne na neman auren autar sarki. Tsohon ya ce a miƙo masa taswira, aka miƙo. Ya ce shi kam ya gaji, zai sauke nauyin mulki ya ɗora wa masu jini a jika, ya lallaɓa zuwa kabari ba kaya a ka. Ya ce yana yin rabon ne tun yana raye don kada a yi rigima bayan ransa. Sannan ya dubi 'ya'yan ya ce to, wacece a cikinku ta fi sona? Wadda ta fi cancanta ita za ta kwashi rabo mafi tsoka.

Wannan ita ce fitowar farko a wasan Sarki Liya na Wiliyam Shekisfiya, wanda ya rubuta tsakanin 1605 da 1606. Kafin wasan ya ƙare, tsohon da 'ya'yansa ukun duk sun mutu, surukinsa ɗaya ya mutu, an ƙwaƙule idanun wani dattijon fadarsa, sojan Faransa kuma sun shigo ƙasar. Rigimar da ya ce yana gudu ita ce ta cinye gidan, yana kallo.

In ka tambayi wanda ya karanta wasan ina Liya ya yi kuskure, amsar a bakinsa take: daɗin baki ne ya ruɗe shi. Babbar 'yarsa Gonaril ta ce tana son sa fiye da ganin idonta, fiye da 'yancinta, son da harshe ba ya iya faɗi. Ta biyu, Rigan, ta ce yayarta ta faɗi abin da ke ranta, sai dai ma ta gaza, don ita ba ta da wani farin ciki a duniya in ba ƙaunar mahaifinta ba. Da aka zo kan auta, Kodiliya, aka ce me za ki ce? Ta ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Ya ce ba komai? Ta ce ba komai. Ya ce ai ba komai ba ya haifar da komai, sake magana. Ta ce tana son sa gwargwadon haƙƙin da ke tsakanin 'ya da uba, ba ƙari ba ragi. Nan take ya sallama ta, ya ce ba shi ba ita, gaskiyar tata ta zama ita ce kayan aurenta. Masu ƙarya suka kwashe ƙasa, mai gaskiya ta fita hannu rabbana.

Duk wannan haka ne. Sai dai ni a ganina ƙaramin ɓangaren kuskuren ke nan, kuma wanda ya tsaya a nan bai ga ramin da tsohon ya faɗa ba.

Mu koma baya kaɗan, kafin sarki ya shigo. Maganar farko da ake ji a wasan hira ce tsakanin dattawan fada biyu, Kent da Gulosta. Kent ya ce da yana zaton sarki ya fi son surukinsa na Albani, mijin Gonaril, a kan na Konwal, mijin Rigan. Gulosta ya ce haka kowa ke gani, amma a rabon ƙasar nan ba ka iya gane wanda aka fifita, don an auna kason nasu daidai wa daida. Ka ji? Ashe an riga an yi rabon, har fadawa sun san iyakokin. Sannan ka lura da yadda gasar ta gudana. Gonaril na rufe baki ya nuna mata yankinta a taswira, tun bai ji Rigan ba. Rigan na gamawa ya ba ta nata, tun bai ji Kodiliya ba. Da ya zo kan auta kuwa, da bakinsa ya ce me za ki faɗa ki karɓi kason da ya fi na yayyenki albarka. Wace irin gasa ce ake ajiye kyautar farko tun ba a ji 'yar takarar ƙarshe ba?

Ba gasa ba ce, biki ne. Tsohon ya riga ya yanke wa kowa rabonsa, abin da yake so kawai a yi masa kirari a gaban jama'a a ranarsa ta ƙarshe bisa gado, kuma kirari mafi daɗi ya fito daga bakin 'yar lelensa. Sai ta ƙi. Ta ƙi a gaban surukai da fadawa, baƙi na bakin ƙofa. Abin da ya tashi a ƙirjin Liya a lokacin ba shakkar ƙaunarta ba ne. Zafin kunyata shi ne. Mutum ne da ya yi shekaru bai ji an ce masa a'a ba.

Ita ma Kodiliya, a faɗi gaskiya, ba ta rasa nata ba. Bahaushe zai fahimci shirunta da sauri, don a wurinmu ma 'yar da za ta miƙe a tsakar taro tana zayyana wa ubanta yadda take son sa, za a ce ba ta da kunya ko kuma da wata a ƙasa. Amma ita ba ta tsaya a shiru ba. Da aka matsa mata, sai ta ce in da gaske yayyenta mahaifinsu kaɗai suke so, me ya kai su yin aure? Ita dai in ta yi aure, rabin ƙaunarta mijinta zai tafi da shi. Magana ce daidai, amma ba a irin wannan wuri ake faɗa wa tsoho ita ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kan nan a gida ta gaje shi.

To, ga inda lissafi ya karkace. A cikin fushinsa Liya ya faɗi wata magana da ta tona shirinsa na asali. Ya ce ita ya fi so, kuma niyyarsa ya ƙarasa sauran kwanakinsa a hannunta. Shirin farko ke nan: ƙasa kashi uku, kaso mafi albarka a hannun wadda ya amince da ita, shi kuma yana zaune a wurinta. Albani tsohon suna ne na arewacin tsibirin, wato Sikotlan, Konwal kuwa can kudu maso yamma take, saboda haka masu nazari da dama ke ganin rabon auta a tsakiya zai faɗo, ya raba surukan biyu. Shiri ne mai haɗari, amma akwai tunani a cikinsa. Wanda ya maye gurbinsa kuwa a tsaye aka yi shi, cikin huci, ba shawara da kowa. Ƙasa ta koma kashi biyu. Iko, haraji, zartar da hukunci, duka ya miƙa wa surukan nan biyu, har ya ba su kambi ya ce su raba. Shi kuma ya ce zai riƙe abu biyu rak: sunan sarki da duk girmamawar da ke tafe da shi, sai barade ɗari da za su riƙa bin sa, yana wata guda a gidan wannan 'ya, wata guda a gidan waccan, su ne da ciyarwa.

A nan kuskuren da ya kashe shi yake. Liya ya ɗauka girman da ake ba shi nasa ne na kansa, kamar tsayinsa ko muryarsa, abin da zai bi shi duk inda ya je. Bai taɓa tambayar kansa ba ko faɗuwar da ake yi a gabansa shi ake yi wa ko gadon da yake kai. Ya zaci sarauta riga biyu ce, ta ciki mai nauyi da ta waje mai ado, za a iya tuɓe mai nauyin a bar mai adon. Barade ɗarin nan kuwa, wa ke ba su abinci? Wanda ke ciyar da dakarunka shi ke da ikon ƙidaya su.

Mutum ɗaya ne ya buɗe baki. Kent ya ce, ranka ya daɗe, sake dubawa, autarka ba ita ce ta fi ƙarancin son ka ba, kuma rashin amo ba ya nufin zuciya fanko ce. Liya ya kai hannu ga takobi, sannan ya kore shi daga ƙasar, ya ce in aka gan shi a rana ta goma a kashe shi. Basaraken Bagandi da ya ji ba ƙasa a tare da amarya sai ya janye. Sarkin Faransa ya ce shi ya ji ya gani, ya ɗauke ta haka nan. Cikin zama guda tsohon ya fitar da mutum biyun da ke son sa don Allah, ya bar kansa a hannun waɗanda ke son abin hannunsa, bayan ya riga ya ba su abin hannun. Fada na watsewa Gonaril da Rigan suka keɓe, Rigan ta faɗi maganar da ta fi kowace daidai a kansa, cewa ai dama can bai taɓa sanin kansa sosai ba. Mugaye ne, amma sun fi shi sanin shi.

Masu kallon farko ba sa bukatar a yi musu bayanin haɗarin. An yi wasan a gaban Sarki Jemis na Ɗaya a fadarsa da ke Landan ranar 26 ga Disamba 1606. Jemis sarkin Sikotlan ne da ya gaji gadon Ingila a 1603, kuma babban burinsa a lokacin shi ne haɗe ƙasashen biyu su zama ɗaya. A littafin nasiha da ya rubuta wa ɗansa a 1599 ya gargaɗe shi kada ya raba masarautunsa tsakanin 'ya'ya, don hakan shuka fitina ne. Abin da ya fi ɗaukar hankali, 'ya'yan Jemis maza biyu a lokacin su ke riƙe da sarautun Konwal da Albani. Saboda haka da tsohon nan ya ɗaga taswira a dandali, duk wanda ke zauren ya san ina aka dosa.

Yanzu mu zo ga wurin da na fi so a wasan, inda kuskuren ya koma lissafi ƙarara.

Bai cika watan farko a gidan Gonaril ba ta fara ƙorafi. Baradensa sun cika hayaniya, sun mai da mata gida kamar mashaya. Ta umarci wakilin gidanta, Oswal, da ya riƙa yi wa tsohon riƙon sakainar kashi. Liya ya kira shi, ya wuce bai amsa ba. Da aka dawo da shi sarki ya ce, kai, wane ne ni? Ya ce, "Mahaifin uwar ɗakina." Ba sarki ba, mahaifin uwar ɗaki. Daga nan aka sallami barade hamsin a tashi ɗaya. Liya ya tsine mata, ya ce a ɗaura sirdi, ai yana da wata 'yar. Ya isa inda Rigan take ya tarar an sa manzonsa a turu, wanda kuwa Kent ne da ya ɓad da kama ya dawo yi masa hidima. Sa manzon sarki a turu, ai sarkin aka sa.

Gonaril ta iso, 'yan'uwan suka riƙe hannun juna. Rigan ta ce ya koma ya ƙarasa watansa a can da hamsin ɗinsa, in kuma wurinta zai zo, ashirin da biyar kawai za ta karɓa. Ya ce, "Komai na ba ku." Ta ce, "Kuma ka bayar a kan kari." Sai tsohon ya juya ga Gonaril, wadda ya gama tsine wa, ya ce to zan bi ki, hamsin ɗinki ta ninka ashirin da biyar ɗinta, ke nan ƙaunarki ta ninka tata.

Duk lokacin da na zo wannan layi sai na dakata. Bayan duk abin da ya gani, har yanzu da mudu yake auna ƙauna. A fada ya auna ta da yawan kalmomi, a nan yana auna ta da yawan dawaki. Gonaril ta ce me ma za ka yi da ashirin da biyar, ko goma, ko biyar, a gidan da bayi suka yi yawa? Rigan ta ƙarasa: me za ka yi da ko ɗaya? Daga ɗari zuwa babu. Kalmar nan da ya ƙi ji daga bakin auta, ba komai, ita ce yayyenta suka kawo shi kanta da kaɗan-kaɗan. Ya ce kada a yi masa maganar bukata, ko almajiri yana da wani abin da ya wuce bukatarsa, in aka hana ɗan Adam komai sai abin da zai rayu, to an mai da shi dabba. Gaskiya ya faɗa. Baraden ba don tsaro yake son su ba, su ne shaidar da ta rage masa cewa shi wani ne. Ya fita cikin hadari, suka ce a kulle ƙofa.

Akwai mutum guda da ya yi ta faɗa masa wannan tun kafin a kai nan, shi ne wawan sarki. Shi kaɗai ke da lasisin faɗin gaskiya a fada, don ana ɗaukar maganarsa wasa. Liya ya ce, yaro, ni kake kira wawa? Ya ce ai duk sauran laƙabobinka ka kyautar, wannan kuwa da shi aka haife ka. Ya ce, kawu, tun ranar da ka mai da 'ya'yanka iyayenka, ka miƙa musu bulala ka kwance wandonka, ni nake waƙa. Da Liya ya ruɗe yana tambayar wa zai gaya mini ko ni wane ne, wawan ya ce, inuwar Liya. Sannan ya ce da bai kamata ka tsufa ba sai ka yi hankali. Ba mai ba da shawara a wasan da ya kai shi, sai dai duk maganarsa ihu ne bayan hari.

Me ya hana sarki gani da kansa? Amsar ta fito daga bakinsa bayan hankalinsa ya gushe, yana yawo a jeji da ciyayi a ka. Ya ce sun yi ta yi mini fadanci, na ce e su ce e, na ce a'a su ce a'a. Sai ranar da ruwa ya jiƙa ni, iska ta sa haƙorana kaɗawa, na ce tsawa ta yi shiru ta ƙi, a ranar na gano su. Sun ce mini ni ne komai, ashe ƙarya ne, ko zazzaɓi ban fi ƙarfinsa ba. Makantar Liya ke nan ba ranar rabo ta fara ba. Shekara da shekaru aka yi ana gina ta, kowane bafade ya sa nasa tubalin. A daren hadarin ne ma ya fara tuna talakawan da ke kwana a waje ba sutura, ya ce kaito, ban kula da wannan ba lokacin da nake da iko.

Labarin ba Shekisfiya ya ƙago shi ba. Wani malamin coci, Jefri na Monmus, ya rubuta shi a tarihinsa na sarakunan Birtaniya wajen shekarar 1136. A can amsar auta ta fi kaifi. Ta ce wa uban, gwargwadon abin da ka mallaka, gwargwadon darajarka ke nan, kuma gwargwadon haka nake son ka. Gatse ne, amma gargaɗi ne a kan ainihin abin da zai same shi. Shekisfiya ya cire wannan magana daga bakinta, ya bar wasan gaba ɗaya ya faɗe ta.

Ya kuma ƙara wani labarin a gefe, na Gulosta, wanda ɗansa Edmon ya nuna masa wasiƙar jabu ya yarda cewa ɗansa na kirki, Edga, na shirin kashe shi. Uba na biyu ke nan da ya kori na gari ya rungumi maciji. Bayan Konwal ya ƙwaƙule masa idanu ne ya gane, ya ce lokacin da nake gani ne na yi tuntuɓe. Ba sai an tsawaita a kansa ba, madubi ne kawai aka ajiye wa Liya.

Saura tambayar da ta fi damun masu karatu: tun da tsohon ya gane, ya durƙusa, ya nemi gafara, me ya sa ba a bar shi ya tsira ba? Haɗuwarsa da Kodiliya tana sa ido ruwa. Ya farka bai tabbatar ko ita ce ba, ya ce ni tsoho ne marar wayo, in kina da guba ki ba ni in sha, yayyenki sun cuce ni ba dalili, ke kuwa kina da dalili. Ta ce ba wani dalili, ba wani dalili. A tsoffin ruwayoyin, har da wani wasan da aka buga a 1605 kan wannan sarki, daga nan nasara ce: rundunar auta ta ci yaƙi, uban ya koma gadonsa. Shekisfiya ne ya ƙi. Abin ya yi wa Turawan Ingila nauyi har a 1681 wani marubuci, Nahum Tet, ya sake wa wasan ƙarshe, ya bar Liya da rai, ya aurar da Kodiliya ga Edga. Wannan gyararren shi aka yi ta nunawa sama da shekara 150, sai a 1838 ɗan wasa Wiliyam Makridi ya dawo da na asali. Shahararren masanin nan Samuyel Jonsin ma ya rubuta a 1765 cewa mutuwar Kodiliya ta girgiza shi har bai iya sake karanta ƙarshen ba sai da aikin tace wasan ya tilasta masa.

Ni kam ina ganin Shekisfiya ne ke da gaskiya, kuma dalilin na cikin taswirar nan. Da Liya ya kori 'yarsa, ba daga zuciyarsa kaɗai ya fitar da ita ba, ya mai da ita sarauniyar wata ƙasa. Ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa a Birtaniya, ba ta da soja ko ɗaya a cikinta. Hanya guda da za ta iya ceton ubanta ita ce ta zo da rundunar Faransa, wato ta shigo a matsayin mai kawo hari. Shi ya sa Albani, wanda zuciyarsa ke tare da tsohon kuma ya tsani abin da matarsa ta yi, dole ya ɗaura ɗamara ya yaƙe ta, don baƙi sun taka ƙasarsa. Aka ci Faransa, aka kama uba da 'ya, suka faɗa hannun Edmon, wanda ba zai taɓa kai wa ga wannan matsayi ba da ƙasar na da sarki guda. Ya ba da umarni a asirce a rataye ta a kurkuku. Gafarar da ta yi masa ta gyara tsakaninsu, amma ba ta mai da ƙasa yadda take ba, don abin da ya ɓata ba nasa ne shi kaɗai ba.

Sauran ya zo da sauri. Gonaril ta sa wa Rigan guba saboda kishi a kan Edmon, sannan ta kashe kanta. Edmon, yana kan gargara, ya ce a ruga a hana, amma an makara. Liya ya shigo ɗauke da gawar autarsa a hannu. Ya ce a ba shi madubi ya kara a bakinta ya ga ko zai yi hazo. Ya ce kare na da rai, doki na da rai, ɓera na da rai, ke kuwa ba numfashi. Sannan mutumin da ya shigo wasan da umarnin a miƙo masa taswirar ƙasa guda ya dubi na kusa da shi ya ce, don Allah ɓalle mini maɓallin nan. Aka ɓalle, ya ce na gode. Jim kaɗan ya cika.

Gawawwaki na kwance a gabansa, Albani, wanda ƙasar duka ta dawo hannunsa, ya juya ga Kent da Edga ya ce ku biyun nan ku riƙe mulkin tare. Kent ya ce shi yana da tafiya nan ba da jimawa ba, ubangidansa na kiran sa, ba zai ce a'a ba.